Darasi na 14: Ƙiyasin Hannun Jarin Ƙaramin Kamfanin Mai Kafin a Ji Sakamakon Rijiya

A tsakiyar shekarar 2011 kamfanin Tullow Oil ya kawo hannun jarinsa Kasuwar Hannun Jari ta Gana, ya sa wa kowane ɗaya sidi 31. Lokacin ƙasar tana cikin zumuɗin mai, don ba a fi 'yan watanni ba da Shugaba John Atta Mills ya murɗa famfon filin Jubilee, ranar 15 ga Disamba 2010. An sayi hannun jari fiye da miliyan 3 da rabi. A wancan lokaci dala ɗaya tana wajen sidi 1 da rabi, wato wanda ya sayi ƙwaya ɗaya ya ba da kimanin dala 20. Daga baya farashin ya faɗo ƙasa da rabin sidi 31 ɗin, ita kuma dala ta kai sidi 15 a 2024. Wanda lissafin ya sha masa kai ya leƙa wurin 'yan canji a Tudu, kafin ya rufe baki sun buga masa a kalkuleta sun juyo masa da ita.

Tullow kuwa babban kamfani ne, mai rijiyoyin da ke fitar da mai kowace rana. Darasinmu na yau a kan ƙanana ne, waɗanda ba su taɓa sayar da ko ganga ɗaya ba. Abin da suka mallaka shi ne takardar izinin bincike a wani yanki, da hotunan ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka da amon sauti, da 'yan kuɗi a banki, da ranar da suka ce za a fara haƙa. Ba a sayar da irinsu a kasuwar Akra. Galibi suna ƙaramar kasuwar Landan da ake kira AIM, ko ta Toronto, ko ta Ostireliya. Amma labarinsu yana shigowa Nima da Mamobi ta waya, daga ƙane ko ɗan wa da ke Landan ko Bronx: “Yaya, ka sa wani abu yanzu, wata mai zuwa za su haƙa, in aka dace sai ninki goma.”

Maganar ninki goma ba ƙarya ba ce zalla, kuma mu a Gana mun ga irinta. A watan Yunin 2007, zamanin Shugaba Kufuor, kamfanin Kosmos Energy ya haƙa rijiyar Mahogany-1 a teku, daura da Cape Three Points, ya samu man da ya zama filin Jubilee. Wani ƙaramin kamfanin 'yan Gana, EO Group, na George Owusu da Kwame Bawuah-Edusei, yana da kashi 3.5 cikin 100 na wannan yanki. A 2011 Tullow ya saye wannan kason a kan dala miliyan 305. Sai dai ku lura, ranar da aka haƙa Mahogany babu wani ɗan kasuwa a Tudu da zai iya sayen hannun jarin Kosmos, don bai shiga kasuwar New York ba sai a watan Mayun 2011. Ga kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika turo ta a waya ba. Kamfanin Hyperdynamics na Houston ya jingina rayuwarsa kaf a kan tekun ƙasar Gini. Ya haƙa Sabu-1 a 2012, bai samu man sayarwa ba. Ya haƙa Fatala-1 a 2017, ta fito a bushe. A 2018 ya durƙushe, masu hannun jari suka tashi a tutar babu.

In rijiyar ta bushe, me zai rage?

Da wannan tambaya ake farawa, ko da yake mai tallan zai so ku fara da zancen riba. Bari mu ƙirƙiri kamfani don koyo. Duk alƙaluman da ke cikin misalin nan namu ne na aji.

Kamfanin yana da hannun jari miliyan 200, ana sayar da kowane ɗaya santi 30 na dala. Ku ninka: kasuwa ta yi wa kamfanin kuɗi dala miliyan 60. Kada arhar ƙwaya ɗaya ta ruɗe ku. Santi 30 ba ya nufin araha, kamar yadda sidi 31 ba ya nufin tsada. Jimlar ake dubawa.

A banki yana da dala miliyan 20. Yana da kashi 20 cikin 100 na wani yanki a teku, inda za a haƙa rijiyar da za ta ci dala miliyan 60, don haka nasa kason kuɗin aikin miliyan 12 ne. Albashin manyansa da hayar ofis da lauyoyi suna cin miliyan 3 a shekara. Cire 12 da 3 daga 20, saura miliyan 5. Raba wa hannun jari miliyan 200, kowanne ya tashi da santi 2 da rabi.

Wannan shi ne ƙasan ramin. Wanda ya sa sidi 1,200, in rijiyar ta bushe, abin da ke tsaye a bayan takardarsa bai wuce sidi 100 ba. Duk alƙaluman da ake bukata don wannan lissafi suna cikin rahoton kuɗi da doka ta tilasta wa kamfani ya fitar. Ku duba har da bashi, da alkawarin da ya yi wa gwamnati na haƙa rijiya ta biyu, don wani lokaci in an cire waɗannan ba a samun komai a ƙasan.

Gangunan da ke kan takarda

Yanzu sai abin da ake kwaɗayi. Kamfanin ya ce wurin da zai haƙa yana iya ƙunsar ganga miliyan 300. A nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido, kuma ba sai an yi ƙarya ba.

Ma'aikatan mai sun kasa ganguna gida uku. Akwai man da aka gano, aka auna, aka tsara yadda za a fitar da shi da riba. Akwai wanda aka gano amma ba a san yadda za a kai shi kasuwa ba tukuna. Sai na uku, man hasashe, wanda babu wanda ya taɓa ganinsa, sai dai hoto ya nuna siffar da ke iya riƙe mai. Duk gangar da aka ambata kafin haƙa, ta gida na uku ce. Sannan a cikin rahoton za ku ga lambobi uku a jere, P90 da P50 da P10. Ta farko ita ce ƙaramin ƙiyasi, wanda ake da ƙarfin zaton za a kai shi in an samu man. Ta tsakiya ita ce madaidaiciya. Ta ƙarshe ita ce babbar, wadda sau ɗaya cikin goma ake sa ran kaiwa, kuma ita ce takan hau kanun sanarwa da manyan baƙaƙe. Ku yi aiki da ta tsakiya.

Akwai kuma bambanci tsakanin man da ke kwance a cikin dutse da wanda za a iya jawowa sama. A filaye da yawa abin da ke fitowa bai fi sulusi ba. Da kamfanin Springfield na Kevin Okyere ya ba da sanarwar rijiyar Afina-1 a ƙarshen 2019, ganga biliyan 1.5 da jaridu suka yi ta bugawa ƙiyasin man da ke kwance ne.

Mu ɗauka miliyan 300 ɗin namu na tsakiya ne, kuma mai fitowa ne. Kashi 20 na kamfaninmu ganga miliyan 60 ke nan. Nawa ce ganga? Mai gaggawa zai ji a rediyo cewa ɗanyen mai yana dala 70, ya ninka, ya samu fiye da dala biliyan 4, ya kasa barci. Wannan farashin gangar da ke cikin jirgi ne. Wadda ke ƙarƙashin teku sai an cire mata kuɗin haƙa rijiyoyi da yawa, da na jirgin tace mai da adana shi irin Kwame Nkrumah da ke tsaye a Jubilee, da na gudanar da aiki shekara da shekaru. Sai rabon gwamnati. A yarjejeniyar Jubilee akwai kashi 5 na haƙƙin ƙasa, da kason kamfanin mai na ƙasa, GNPC, da harajin riba kashi 35. Bayan haka sai jira. Jubilee ta ɗauki shekara uku da rabi daga ganowa zuwa gangar farko, kuma ana lissafa ta cikin masu sauri. Tweneboa, da aka gano a 2009, sai a watan Agustan 2016 filin TEN da take ciki ya fara ba da mai. Dalar da za ta zo bayan shekara bakwai ba ta kai ta yau ba, duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi ya san haka. In an gama cire-ciren nan, abin da ke saura wa gangar da ke ƙasa 'yan daloli ne. A misalinmu mu sa dala 3. Ganga miliyan 60 sau 3, dala miliyan 180.

To in an dace, kamfanin ya kai miliyan 185 har da ragowar kuɗin banki, wato santi 92 da rabi kowane hannun jari. Ninki uku ke nan da ɗoriya, goman da aka yi alkawari ba ta fito ba.

Damar samu

Kafin mai ya taru a wuri, sai abubuwa huɗu sun haɗu. Sai an samu dutsen da ya haifi man tun zamanin da. Sai an samu dutse mai ƙananan kafofi da man zai zauna a ciki. Sai ƙasa ta lanƙwasa ta yi masa tarko. Sai kuma wani dutse marar kafa ya rufe saman, in ba haka ba man ya tsiyaye tun kafin a halicci kakanninmu. Masana duwatsu suna ba kowanne maki. Mu ce na farko 90 cikin 100, don an samu mai a maƙwabta. Na biyu 70, na uku 60, na huɗu 60.

Kowanne cikin huɗun ya fi rabi, don haka ido yana ganin kamar an riga an ci. Amma ba tarawa ake yi a raba ba, ninkawa ake yi. Ku tuna da motar albasa da ta taso daga Galmi ta nufo Akra. Sai ta tsallake iyaka, sai injin ya riƙe, sai ruwa bai shiga kayan ba, sai ta iso kasuwa ba a cike ba. Guda ɗaya ya ɓaci, ribar ta tafi, sauran ukun ba za su cece ta ba. To a cikin rijiyoyi 100 irin wannan, 90 suna da dutsen farko. Kashi 70 na 90 ɗin, 63. Kashi 60 na 63, kimanin 38. Kashi 60 na 38, kimanin 23. Damar a ga mai 23 ce cikin 100.

Ba a gama ba. Ana iya ganin mai ya zama kaɗan ne, ko mai kauri ne, ko iskar gas ce a inda babu mai saye. Mu ce cikin waɗanda aka gani, 60 cikin 100 ne za su biya kuɗin aikinsu. Kashi 60 na 23, kimanin 14.

Yanzu a haɗa. Kashi 14 na dala miliyan 180 shi ne miliyan 25. Ƙara miliyan 5 na banki, miliyan 30. Raba wa miliyan 200: santi 15. Kasuwa kuwa santi 30 take nema.

Ni a ganina juya lissafin ya fi amfani, don mu da ke zaune a aji a Mamobi ba mu da hanyar auna murfin dutsen da ke ƙarƙashin teku. Abin da muke iya aunawa shi ne farashi. Kasuwa ta ce miliyan 60. Cire 5 na banki, saura 55, kuma wannan 55 ɗin kuɗin fata ne zalla. Raba 55 da 180, ya ba da kimanin 31 cikin 100. Ma'ana, duk wanda ya biya santi 30 ya yarda, ko ya sani ko bai sani ba, cewa damar nasara ta kai 31 cikin 100. Sai ku buɗe rahoton masana masu zaman kansu da kamfanin ya wallafa, ku ga lambar da su suka rubuta. In sun rubuta 20, ku tambayi kanku me kuka sani da su ba su sani ba.

Wata hanyar gwaji ita ce a duba abin da manya suka biya. A 2018 kamfanin Total na Faransa ya sayi kashi 25 na yankin Orinduik, a tekun Gayana, daga hannun ƙaramin kamfani Eco Atlantic a kan dala miliyan 12.5. Kashi 25 a wannan kuɗi yana nufin yankin duka miliyan 50, kuma kashi 15 da ya rage wa Eco miliyan 7.5. Total yana da ɗaruruwan masana duwatsu da suka ga hotunan da ido. In kasuwa ta yi wa irin wannan kaso kuɗi ninkin ba ninkin abin da babban ya biya, to akwai tambaya. In kuma ƙaramin kamfani ya yi shekaru yana yawo da yankinsa babu babban da ya taya, wannan ma amsa ce.

An samu man, sai me?

Labarin Orinduik ɗin bai tsaya nan ba. A watan Agustan 2019 Tullow, mai kashi 60, ya sanar da samun mai a rijiyar Jethro-1, a Satumba kuma a Joe-1. Hannun jarin Eco ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 13 ga Nuwamba sakamakon ɗakin gwaji ya fito: man mai kauri ne, cike da farar wuta, irin wanda fitar da shi ke da tsada kuma matatu ke saye da rangwame. A yini ɗaya Tullow ya zubar da fiye da rubu'in darajarsa, Eco kuwa wajen rabi. Ba a yi wata guda ba, ranar 9 ga Disamba, Tullow ya rage hasashen abin da Jubilee da TEN za su bayar, ya dakatar da rabon riba, shugabansa Paul McDade ya sauka, hannun jarin ya faɗi da kimanin kashi 70 a rana guda.

Na Nijar ya fi ban mamaki. A 2018 kamfanin Savannah Petroleum ya haƙa rijiyoyi biyar a yankin Agadem, Bushiya da Amdigh da Kunama da Eridal da Zomo, duka biyar aka samu mai. Amma Agadem tsakiyar hamada ce. Matatar Damagaram ganga 20,000 take ɗauka a rana, kuma bututun da ya ratsa zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, sai a 2024 aka fara loda jirgi daga gare shi. Har zuwa lokacin waɗannan rijiyoyi biyar ba su fara kawo kuɗi ba. Siyasa ma tana da nata rabon. Rikicin iyakar teku tsakanin Gana da Kwaddebuwa ya sa kotun teku da ke Hamburg ta hana haƙa sabuwar rijiya a yankin da ake jayayya daga Afrilun 2015, har ta yanke hukunci a watan Satumban 2017.

Duk tsawon irin wannan jira, ƙaramin kamfani yana cin kuɗi, kuma ba shi da inda zai samo su sai ta buga sabbin hannayen jari. Mu koma misalinmu. An samu mai, ana bukatar dala miliyan 40 don haƙa rijiyoyin tantancewa. Kamfanin ya sayar da sabbin hannun jari miliyan 100 a kan santi 40, kuɗin suka shige rami. Miliyan 185 ɗin nan yanzu hannun jari miliyan 300 za a raba wa, kowanne ya samu kimanin santi 62 maimakon 92. Galibi kuma manyan masu kuɗi ake kira a sayar wa a farashi mai rangwame, ƙaramin mai jari sai dai ya wayi gari ya gani a sanarwa.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan kasuwa da ya kamata ku sani. Farashi yakan hau a makonnin da ke gaban haƙa, don masu saye suna ƙaruwa, alhali babu abin da ya canja a ƙarƙashin teku. Tsofaffin hannu sukan saya da wuri, su sayar da rabi ko fiye ana gab da jin sakamako, su bar sauran. Wanda saƙo ya iso masa ana saura mako biyu, sau da yawa shi ne yake saye daga hannunsu. Sanarwar kuma da sassafe take fita a Landan, kafin a buɗe kasuwa, don haka in labarin ya ɓaci, farashin farko da za a gani ya riga ya faɗi. Babu zancen “in na ga ya fara sauka sai in fita.”

Dattawa za su ce wannan ai cinikin biri a sama ne, kuma a Zango dole a tambayi hukuncinsa. Malamai da yawa na wannan zamani sun halasta mallakar hannun jari a kamfani mai halastacciyar sana'a, bisa sharuɗɗa, ciki har da kada bashin ruwa ya yi masa katutu. Amma wanda ya sa kuɗi don sakamakon rana ɗaya kawai, bai san komai game da kamfanin ba, ya kai wa malaminsa maganar yadda take, kada ya rage mata komai.

Duk lissafin nan yana aiki ne in kamfanin na gaske ne kuma takardar ta shiga sunanku. Ba mu manta da kamfanin Menzgold ba, wanda hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta dakatar a watan Satumban 2018, kuɗin dubban mutane suka maƙale. Ku nemi sunan dillali a jerin waɗanda SEC ta ba lasisi, in na waje ne a jerin hukumar ƙasarsa. Kada ku tura kuɗi ta MoMo zuwa lambar wani mutum da sunan zai saya muku. Kamfanonin gaske ma ana damfarar su. A watan Janairun 2020 Lekoil, mai aiki a Najeriya, ya sanar da samun bashin dala miliyan 184 daga asusun zuba jari na ƙasar Katar, farashinsa ya tashi, bayan 'yan kwanaki ta bayyana cewa waɗanda ya yi yarjejeniya da su sojan gona ne.

Aikin gida

1. A misalinmu, ku ɗauka wani babban kamfani ya karɓi rabin kason kamfaninmu, ya bar masa kashi 10, amma ya ɗauke masa kuɗin haƙa gaba ɗaya. Nawa ne ƙasan ramin yanzu a kowane hannun jari? Nawa ne in an dace? Wanne ya fi muku, kashi 20 da kuɗin haƙa ko kashi 10 babu shi?

2. Ku mayar da makin murfin dutse daga 60 zuwa 40, ku sake lissafin tun daga damar samu har zuwa ƙiyasin hannun jari ɗaya.

3. Mai sayar da atamfa a Tudu tana da jarin sidi 30,000, ƙanenta ya ce ta sa 6,000 a kamfaninmu a kan santi 30. Ku rubuta abin da zai rage mata daga 6,000 ɗin in rijiyar ta bushe, da abin da za ta samu in an dace bayan an buga sabbin hannayen jari. Ku zo da amsar mako mai zuwa, kowa da kalkuletarsa.